Yadda Ƙauyuka da Garuruwan Ingila Suka Zauna Inda Suke

Duk wanda ya taɓa ganin hoton ƙauyen Ingila, a kalanda ko a fim, ya san siffar: coci mai doguwar hasumiya, ƙananan gidajen dutse, koren fili a tsakiyar gari, gonaki masu kusurwa huɗu kowacce da shingenta. Mai kallo sai ya zaci haka wurin yake tun fil azal. Alhali kusan kowane abu a hoton yana da shekarar da aka yi shi da wanda ya sa aka yi shi, kuma sau da yawa sai da aka tashi wani kafin a yi. A wurare da dama shingen bai wuce shekara 250 ba. Cocin kan kai shekara 800. Sunan ƙauyen ya girme su duka, ruwan da ya zaunar da mutane a wurin kuwa ya girmi sunan.

Masana labarin ƙasa sukan ja layi a taswira daga bakin kogin Tees a arewa maso gabas zuwa bakin kogin Exe a kudu maso yamma. Yamma da arewacin wannan layi ƙasar tuddai ce, duwatsunta masu tauri, ruwan sama ya yi mata yawa, ƙasar noma kuma ba ta da kauri. Can kiwo ya fi noma ƙarfi, shi ya sa za ka tarar da gidajen manoma a warwatse da 'yan tungaye masu gida biyar ko goma. Gabas da kudancin layin kuwa shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce ta yumɓu da alli da dutsen farar ƙasa, inda alkama da sha'ir suke yi. Nan manyan ƙauyuka suka fi yawa.

A cikin shimfiɗaɗɗiyar ƙasar ma ba ko'ina ake zama ba. Tuddan South Downs na yankin Sussex dutsen alli ne, shi kuwa alli ba ya riƙe ruwa. Ana yin sama sai ya shanye, ruwan ya yi ta gangarawa ta cikin dutsen har ya iske yumɓun da ke ƙarƙashi, wanda ba ya bari a wuce. Daga nan sai ya ɓullo a gindin tudun ya zama marmaro. A kan tudun babu ruwan sha, can ƙasa cikin yumɓu kuma caɓi ne duk tsawon hunturu. Saboda haka ƙauyukan suka jeru a kan layin marmaro, tsakanin wannan da wancan mil ɗaya ko biyu: Fulking, Poynings, Clayton, Westmeston. A Fulking har yau ruwan yana ɓulɓulowa a bakin hanya, inda a da makiyaya suke wanke tumaki kafin a yi musu aski. Iyakokin ƙasar irin waɗannan ƙauyuka ma abin lura ne. Kowane ƙauye ƙasarsa doguwa ce siririya, ta taso daga fadama ta haura har ƙolin tudu, domin kowa ya samu rabonsa na ciyawar fadama, da ƙasar noma a tsakiya, da makiyayar tumaki a sama, da kurmin itace. A ganina babu rabon ƙasa mai hankali da ya wuce wannan, kuma mutanen da ba su da taswira ne suka yi shi.

Ƙasar da ta zaunar da ƙauye ita ce kuma ta gina shi, domin kafin zuwan jirgin ƙasa ɗauko dutse daga nesa ya fi ƙarfin talaka. A tuddan Cotswolds gidaje na dutsen farar ƙasa ne mai ruwan zuma. A ƙasar alli da dutsen ƙyastu ake gini. A Suffolk da Essex, inda babu dutsen kirki, katakon itace ake kafawa a cike tsakani da saƙaƙƙun tsumagu da yaɓe. A Devon kuwa ƙasa ake kwaɓawa da ciyawa a ɗora bango hawa-hawa a rufe da jinka, kusan yadda maginanmu suke yi, kuma akwai irin waɗannan gidaje da suka shekara ɗaruruwa ana zaune a ciki.

Garuruwa na farko Rumawa ne suka kafa su. Sun shigo a shekara ta 43 bayan haihuwar Annabi Isa, suka yi mulki har wajen 410. Su suka kafa Landan a inda kogin Thames ya tsuke har za a iya yi masa gada, jiragen teku kuma suna iya isowa. Su suka kafa York da Lincoln da Chester, suka shimfiɗa hanyoyi miƙaƙƙu: Watling Street daga gaɓar Kent ta bi ta Landan ta yi arewa maso yamma, Ermine Street daga Landan zuwa York, Fosse Way daga Exeter zuwa Lincoln. Manyan titunan mota na yau da yawa a kan sawunsu suke. Amma da Rumawa suka janye, rayuwar birni ta mutu kusan ɗungurungum. Wroxeter, wadda tana cikin manyan biranensu, yau ƙaramin ƙauye ce a gefen kango. Landan kanta sai da ta zama kufai a cikin ganuwarta na tsawon ƙarnuka, mutane suka koma yammacinta suka yi kasuwa a bakin kogi, har Sarki Alfred ya mayar da su cikin ganuwar a 886.

Waɗanda suka biyo bayan Rumawa, wato Angulawa da Saksonawa daga arewacin Jamus da Denmak, manoma ne, ba su bar manyan gine-gine ba. Sunaye suka bari, kuma da sunayen ne masana suke bin sawunsu. Garin da sunansa ya ƙare da "ton" ko "ham" asalinsa gona ce ko gidan wani. Mai ƙarewa da "ley" sheme ne a cikin daji, mai "ford" mashigin kogi ne, kamar Oxford inda shanu suke tsallakawa. Mai "chester" ko "caster" tsohon sansanin Rumawa ne da suka tarar. Daga 865 mayaƙan Viking suka mamaye gabas da arewa, suka ci York a 866, har Alfred ya tare su a Edington a 878 aka raba ƙasa. Idan ka ɗiga alama a taswira a kan kowane gari mai ƙarewa da "by" ko "thorpe", irin su Grimsby da Whitby da Scunthorpe, za ka ga kusan dukkansu suna arewa da gabashin Watling Street. Iyakar da aka yi yau fiye da shekara 1,100 tana nan a allunan kan hanya. Yaƙin ya haifi garuruwa kuma, domin Alfred da magadansa sun kafa garuruwa masu ganuwa fiye da 30 don talakawa su samu mafaka. A Wareham da Wallingford tudun ganuwar ƙasar yana nan ana hawa.

Shi ƙauye dunƙulalle, mai coci a tsakiya da gidaje a jere, bai zo tare da Saksonawan farko ba. Binciken masu tonon kufai ya nuna cewa tsakanin ƙarni na 9 da na 12 ne manoman tsakiyar Ingila suka bar gidajensu na warwatse suka tattaru wuri ɗaya, kuma hakan ya tafi tare da wani sabon tsarin noma. Ana raba ƙasar ƙauye gida biyu ko uku, manya-manyan filaye marasa shinge. Kowane fili an yanka shi dogayen sirara, kuma rabon magidanci ɗaya, wanda kan kai eka 30, a warwatse yake cikin filayen duka, tsiri ɗaya nan ɗaya can, domin kada wani ya kwashe ƙasa mai kyau ya bar wa wani tsandauri. Fili ɗaya a shuka alkama, na biyu sha'ir ko wake, na uku a bar shi saura dabbobin gari su yi kiwo su taka shi. Garmar da ke iya yumɓun nan mai nauyi ce, takan ci shanu har takwas, ba kowa ke da su ba, sai an haɗa. Mutumin da gonarsa take ko'ina, kuma shanunsa suke haɗe da na maƙwabci, ba shi da inda ya fi masa sauƙin zama kamar tsakiya. Bayan filayen akwai hurumin gari, inda mai saniya ɗaya da 'yan dinya yake kiwo, ya yi itace, ba mai hana shi.

Ƙauye ɗaya ya rage da ke bin wannan tsari har gobe, Laxton a yankin Nottinghamshire. Filayensa uku suna nan. Duk shekara wajen ƙarshen kaka wasu zaɓaɓɓun manoma sukan zaga fili, su duba wanda ya ci iyaka ko ya huɗe hanyar ciyawa, su kafa turaku, sannan kotun gargajiya ta gari ta zauna ta ci mai laifi tara. A sauran wurare abin da ya rage shi ne kunyoyin da garmar ta bari, manya masu faɗi, da ake gani a ƙarƙashin ciyawar makiyaya a Leicestershire da Northamptonshire.

A 1066 William na Nomandi ya tsallako daga Faransa ya ci Ingila, bayan shekara 20 kuma ya aika a ƙidaya masa abin da ya ci. Littafin da aka haɗa a 1086, wanda ake kira Domesday, ya ambaci wurare 13,418, da mai kowane wuri, da garmuna, da injinan niƙa masu aiki da ruwa fiye da 5,000, da abin da wurin zai iya biya. Landan da Winchester ba sa ciki, haka ma can ƙuryar arewa. Abin da ke ba mai karatu mamaki shi ne yawancin ƙauyukan da ke taswirar yau suna cikin littafin. Birmingham ma tana ciki, 'yar ƙauye ce da aka yi wa kuɗi sule 20.

To me ke mayar da ƙauye gari? Kasuwa. Kasuwa kuwa ba a kafa ta sai da takardar izinin sarki. Mai ƙasar Birmingham ya samo tasa a 1166, kuma tsakanin 1200 da 1350 an ba da irin wannan izini fiye da 1,000, domin kowane basarake da kowane bishop ya gane akwai kuɗi a ciki: kuɗin rumfa, kuɗin shiga, kuɗin haya, tarar kotu. Har doka aka yi a kan tazara. Littafin shari'a na ƙarni na 13 da ake dangantawa da alƙali Bracton ya ɗauki sabuwar kasuwa a matsayin cutarwa ga tsohuwa idan tsakaninsu bai kai mil shida da sulusi biyu ba. Lissafin shi ne tafiyar yini mil 20 ce, a raba ta uku: zuwa, cin kasuwa, komowa gida kafin dare. Wannan ne ya sa garuruwan kasuwa na Ingila suka bazu daidai tafiyar ƙafar mai kai ƙwai da man shanu.

Garuruwa da yawa ba girma suka yi a hankali ba, shata su aka yi. A 1196 Bishop na Worcester ya ware wani yanki na gandunsa kusa da mashigin kogin Avon, ya fitar da tituna, ya yanka filaye masu faɗin kimanin mita 18 da tsawon mita 60, kowanne hayarsa sule ɗaya a shekara. Wanda ya karɓi fili ya fita daga aikin gandun ubangida, yana iya sayar da filinsa ko ya bar wa 'ya'yansa. Garin shi ne Stratford, inda aka haifi Shakespeare a 1564. Kowa bakin titi yake so, don haka fuskar fili take da ƙunci, jikinsa kuma dogo: kanti a gaba, ɗakin kwana a sama, wurin sana'a da lambu da alade a baya. Da filaye suka yi tsada aka riƙa raba su biyu ko uku, kuma har yanzu faɗin kantunan babban titi a tsofaffin garuruwa yana bin wancan awo. Titin kansa yakan buɗe ciki a tsakiya, kamar na Marlborough, domin nan ake kafa rumfuna da turken dabbobi. Haka aka shata Liverpool a 1207 da umarnin Sarki John. Haka aka sauko da Salisbury daga kan busasshen tudun Old Sarum zuwa bakin ruwa, aka aza tubalin babban cocinta a 1220.

Birni kuwa a wurinsu ba yawan jama'a ba ne, muƙami ne da sarauta take bayarwa. Da can sai garin da ke da kujerar bishop, shi ya sa Wells mai mutum kusan 12,000 birni ce, Reading da ta ninka ta fiye da sau goma kuma har yau gari ce.

Arzikin wancan zamani gashin tumaki ne. Shi ya gina manyan cocin Northleach da Long Melford, waɗanda suka fi ƙarfin ƙauyukan da suke ciki. Lavenham a Suffolk tana cikin garuruwa 20 mafi arziki a Ingila a 1524 saboda saƙa. Da cinikin ya karye sai mutanenta suka rasa kuɗin rushe gidajen katako su yi na zamani, kuma talaucin nan ne ya adana garin da masu yawon buɗe ido suke tururuwar gani yau.

A 1348 annoba ta shigo ta tashar jiragen Melcombe a Dorset, ta kashe tsakanin sulusi da rabin mutanen ƙasar. Ingila tana da kufan ƙauyuka wajen 3,000, kuma mutane sukan ɗora wa annobar laifinsu duka. Gaskiya ƙalilan ne ta shafe kai tsaye. Abin da ta yi shi ne ta rage hannu, lada ya tashi, noma ya daina biyan mai ƙasa, tumaki kuwa makiyayi ɗaya da karensa sun ishe su. Sai masu ƙasa suka shiga tashin ragowar manoma. Wharram Percy a Yorkshire ita ce aka fi sani, domin Maurice Beresford da John Hurst sun shekara 40 suna tononta daga 1950. Ta tsira daga annoba, amma wajen 1500 aka kori iyalan ƙarshe aka saki tumaki. Kangon cocinta na tsaye a cikin kwari, tushen gidaje kuma ya zama 'yan tuddai a cikin ciyawa. Wasu garuruwan teku ne ya cinye su: Dunwich, babbar tashar jirage a ƙarni na 13, guguwa da zaizaya suka bi ta coci bayan coci, yau mutanenta ba su kai 200 ba.

Shingayen nan da ake yabo su ne kora ta biyu. Tsakanin 1604 da 1914 majalisar dokoki ta zartar da dokokin killace ƙasa fiye da 5,000, mafi yawansu tsakanin 1750 da 1850, suka shafi kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙasar Ingila. Manyan masu ƙasa na ƙauye su ne ke neman dokar. Sai a turo kwamishinoni da masu awo, a soke tsoffin tsirarai, a haɗa wa kowa rabonsa wuri ɗaya, a fitar da hanyoyi miƙaƙƙu, a dasa shingen ƙaya. Mai babban rabo ya fita ya gina gida a tsakiyar gonarsa. Amfanin gona ya ƙaru, wannan ba a musu. Amma mai ƙaramin rabo kuɗin awo da na shinge sukan tilasta masa sayarwa, wanda kuma ba shi da takarda, al'ada ce kawai ta ba shi kiwo a hurumi, ya tashi a tutar babu. Saniyarsa ta tafi, ya koma ɗan ƙodago. Mawaƙi John Clare, ɗan lebura daga Helpston, ya ga an yi wa ƙauyensu haka bayan dokar 1809, baƙin cikin abin bai bar waƙoƙinsa ba har ya mutu. Wani lokaci ma ba don noma ake tashin mutane ba. A shekarun 1770 Joseph Damer ya rushe garin Middleton a Dorset don yana tare masa kallo daga gidansa, ya gina wa mutanen sabon ƙauye a wani kwari. Shi ne Milton Abbas, wanda ake lissafawa cikin kyawawan ƙauyukan Ingila. Ni dai ba na iya kallon jerin fararen gidajensa ban tuna yadda aka yi suka zo wurin ba.

Waɗanda ƙauye ya daina ɗauka, masana'anta ta karɓe su, kuma a karo na farko arziki ya koma arewacin layin Tees da Exe. Ruwa mai gudu ne ya fara jan masaƙu, kamar ta Richard Arkwright a Cromford a 1771, daga baya kwal ya karɓe. Manchester ta tashi daga mutum kimanin 75,000 a 1801 zuwa fiye da 300,000 a 1851. Middlesbrough mutum 25 ne a cikinta a 1801. Layin dogo ya iso a 1830, aka gano tama a tuddan Eston a 1850, kafin 1901 ta kai 90,000. Swindon da Crewe ma'aikatun jirgin ƙasa ne suka raya su. Ƙidayar 1851 ta nuna mazauna gari sun fi mazauna karkara yawa, abin da ba a taɓa gani ba a wata babbar ƙasa. Gidajen leburori kuwa baya-da-baya aka jera su, ba iska ba magudana, kwalara ta yi ta ɗiba daga 1831. Wasu masu masana'antu sun gina wa ma'aikatansu ƙauyuka masu tsafta: Saltaire, Bournville, da Port Sunlight da William Lever ya fara a 1888 don masu yi masa sabulu. Wannan na ƙarshe yana da igiya da ƙasarmu, domin kamfanin Lever ne ya sayi Kamfanin Neja a 1920, wanda ke cikin manyan masu sayen gyaɗar Kano.

Abin da ya hana garuruwan nan haɗiye karkara baki ɗaya doka ce. Tun daga dokar tsara gari da karkara ta 1947, mallakar fili ba ta ba mutum ikon gini a kai sai hukuma ta yarda. An kewaye Landan da wasu manyan birane da zoben ƙasar da aka hana gini, wanda ya kai kusan kashi ɗaya cikin takwas na Ingila. Rarar jama'a aka gina musu sababbin garuruwa, Stevenage daga 1946, Milton Keynes daga 1967, wadda ta haɗiye ƙauyuka da dama ta ari sunan ɗaya daga ciki. Gine-gine fiye da 370,000 suna cikin rajistar kariya, mai gida ba ya canja ko taga sai da izini.

Dokar ta yi aikinta, kuma ta cancanci yabo: ba don ita ba da layin marmaro na Sussex ya daɗe da nutsewa cikin unguwanni. Sai dai bango ta kare, ba ta kare mutanen cikinsa ba. Inda aka hana sabon gini, tsohon gida kuɗinsa tashi yake, kuma ɗakin da aka gina wa leburan gona yau sai mai aiki a birni ko mai hutun ƙarshen mako ke iya saya. An rufe ɗaruruwan ƙananan tashoshin jirgi bayan rahoton Beeching na 1963, kantuna da makarantun ƙauye da yawa sun bi su, masu aikin gona kuma ba su kai kashi 2 cikin 100 na ma'aikatan ƙasar ba. 'Ya'yan ƙauye suna barinsa, wannan karon ba kwamishina ko tumaki ne suka kore su ba, farashi ne. A St Ives da ke gaɓar Cornwall abin ya kai mutanen gari suka kaɗa ƙuri'a a 2016, fiye da kashi 80 cikin 100 suka amince cewa duk sabon gidan da za a gina, sai wanda zai zauna a cikinsa dindindin za a sayar wa.